Lasifika, Hedifon ko Gyaran Ɗaki: Wanne Zai Fi Kusantar da Kai ga Kiɗan Gaske?

Ko daga bayan katanga ake buga ganga, kunnenka yakan gane ta gaske ce. Ba ka ga makaɗin ba. Sautin ya ratso taga, ya bugi bango, ya zubar da rabin zaƙinsa a hanya, amma ka san hannu ne a kan fata, ba lasifika ba. Wannan abu ya daɗe yana ɗaure mini kai, domin a gida sai ka kunna faifan da ƙwararru suka ɗauka, a na'urar da takardunta ke cewa ba ta da wani aibu, ka ji kiɗan ya fito tsaf, amma babu rai, kamar hoton wuta da ba ya ɗumama kowa.

Wanda wannan ya dama yana da hanya uku a gabansa. Ko ya canza amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, da wayoyin haɗi da na'urar kunna waƙa, ko ya mai da hankali kan lasifika da ɗakin da take ciki, ko kuma ya rabu da ɗakin gaba ɗaya ya ɗora hedifon a kai. Yawancin mutane da ta farko suke farawa, don ita ce ake talla, ita ce kuma ke da sabon kwali. A ganina ita ce mafi ƙarancin amfani, kuma dalilin ya girmi duk wata na'ura da ke kasuwa yau.

Tun daga 1915 kamfanin Thomas Edison a Amurka ya riƙa shirya wani baje koli. A tsayar da mawaƙiya kusa da garmaho a kan dandamali, ta yi ta rerawa tare da faifanta, can sai ta yi shiru faifan ya ci gaba shi kaɗai. Wani lokaci a kashe fitilu, da an kunna a tarar ta bar wurin. Akwai wayo a ciki, don mawaƙan kan daidaita muryarsu ta yi kama da ta garmahon. Amma a farkon shekarun 1960 kamfanin Acoustic Research ya sake gwajin da gaske, da wasu masu goge huɗu da ake kira Fine Arts Quartet. Suna cikin kiɗa sai su daina, su ci gaba da motsa hannu kawai, lasifika ta karɓa, kuma akasarin masu sauraro ba su iya kama lokacin da aka sauya ba. Sirrin yana wurin ɗaukar sautin: a fili aka ɗauka, inda babu bangon da zai dawo da amo, sannan aka kunna shi a zauren da makaɗan ke zaune. Wato lasifikar sama da shekara 60 da suka wuce ta iya ruɗin kunne, muddin an ba ta zaure ɗaya da makaɗi. Ɓarawon, ashe, ba a cikin waya yake ba.

Mutumin da ya fara auna abin da zaure ke yi wa sauti shi ne Wallace Sabine, wani matashin malamin kimiyya a Jami'ar Harvard. A 1895 aka ɗora masa gyaran wani ɗakin lacca da magana ke kai-komo a cikinsa fiye da sakan 5, ba a jin abin da malami ke faɗa. Da dare, idan gari ya yi tsit, shi da mataimakansa su kwaso kushin na kujeru daga wani zauren, su jera, ya busa bututu, ya riƙe agogo yana ƙirga sakan nawa amon zai yi kafin ya mutu, kafin gari ya waye su mayar da kushin. Daga nan ya gano cewa jimawar amo tana bin girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa, kuma da wannan lissafi aka gina zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Har yau ma'aunin nasa ake bi: tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. A manyan zaurukan da aka fi yabo, irin na Boston ɗin, da Musikverein na Viyana da Concertgebouw na Amstadam, lokacin yana kusan sakan 2. A falo mai kujeru da labule, tsakanin sakan 0.3 ne da 0.5.

Tazarar ba ta tsaya a nan ba. A babban zaure, da ka wuce mita 5 ko 6 daga dandamali, abin da bango da rufi ke dawo maka da shi ya fi ƙarfin abin da ke zuwa kai tsaye daga makaɗi. Yawancin masu sauraro zauren suke ji, kuma yana zuwar musu ta dama, ta hagu, ta baya, ta sama. Shi ne abin da ke lulluɓe mutum. Tsarin lasifika biyu da injiniya Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1931, wanda har gobe shi muka fi amfani da shi, yana tattara duk wannan ya fito da shi ta wuri biyu kacal, duka a gabanka. Sai kuma ɗakinka ya sa baki. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan, saboda haka wanda ya bugi bangon gefe ya dawo, idan hanyarsa ta fi ta kai tsaye da mita 1, zai iso bayan kashi 3 cikin 1000 na sakan. A zaure, amon farko da bango ke dawowa da shi yakan ɗauki wajen kashi 20 cikin 1000 na sakan. Ƙwaƙwalwa da wannan take gane girman wuri, don haka faifai yana ce maka kana zaure, bango yana ce maka kana ɗaki, kuma bangon take gaskatawa.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Kowane abin kiɗa da yadda yake watsa sautinsa. Ƙaho yana harba zaƙinsa, wato siririn amonsa, gaba, ganga tana bazawa ko'ina, goge kuwa kowane amo da ɓangaren da yake fi fita. Makirfo yana tsaye wuri ɗaya, abin da ya iso wurin shi kaɗai ya kama, sannan lasifika ta watsa su duka da salo ɗaya, nata. Ga shi kuma yawancin waƙoƙin zamani ba su taɓa faruwa a wani ɗaki ba. An ɗauki ganga yau, jita gobe, murya jibi, aka haɗa a situdiyo, aka zuba musu amsa-kuwwa ta kwamfuta. Mai neman asalin irin wannan waƙa, situdiyon yake nema, ba dandamali ba.

Sai ƙarfi. Babbar ƙungiyar makaɗa idan ta ɗaga takan haura desibel 100 na ɗan ƙiftawar ido, ta kuma sauko har ka ji numfashin mai sarewa. A gida ba wanda ke saurara haka, kuma rage murya ba rage girma kawai yake yi ba, yana canza launin kiɗan. Wasu masu bincike, Fletcher da Munson, sun nuna a 1933, a ɗakin binciken kamfanin Bell, cewa idan sauti ya yi ƙasa-ƙasa kunne yana fara rasa kaurinsa, wato bes, tun kafin ya rasa tsakiyarsa. Shi ya sa kiɗan da ya cika zaure ke komawa siriri da ka rage shi don maƙwabta. Ƙari a kan haka, waƙoƙi da yawa tun a situdiyo an matse su, an ɗaga mai laushi an danne mai ƙarfi, don su ji daɗi a mota da wayar hannu. Abin da aka matse a can, babu na'urar da za ta buɗe shi a nan.

To, da wannan a hannu, a duba hanyar farko. Amfilifaya mai lafiya, da na'urar kunna waƙa mai lafiya, suna bi da sauti daga kauri zuwa zaƙi ba tare da kaucewar da ta kai rabin desibel ba, kuma gurɓatar da suke yi ba ta kai kashi 1 cikin 1000 ba. Faifan CD da ya fito tun 1982 yana da faɗin desibel 96 tsakanin shiru da ƙarshen ƙara, alhali falo ko da dare yana da hayaniyarsa ta desibel 30 zuwa 40. Lasifika mai kyau tana kaucewa da desibel 3 sama ko ƙasa. Ɗaki kuwa, a ɓangaren bes, yakan kauce da 10 ko fiye. Wanda ya bar 10 ya bi rabin 1, ya bar jaki yana dukan taiki.

Wuri ɗaya ne amfilifaya ke da hujja, wato idan ƙarfinta ya gaza. Ɗauki lasifikar da ke ba da desibel 87 a nisan mita 1 da wat 1. A fili, duk ninkin nisa yana cin desibel 6, don haka a mita 3 saura kusan 77. Duk ƙarin desibel 3 kuma yana neman ninkin wat. Kafin ka kai 100 kana buƙatar wat kusan 180, ko da yake lasifika ta biyu da bangon ɗaki za su rage maka wani abu. Idan amfilifayar ba ta kai ba, sai ta datse kan kowane bugun ganga, ka ji sauti ya yi kaushi daidai inda ya kamata ya buɗe. Wannan ciwo ne na gaske, canji kuma yana maganinsa. In ba shi ba, ko wani gurnani da ke fita ko ba a kunna waƙa ba, bar ta a inda take.

Hanya ta biyu ita ce mai aiki, ita ce kuma mai lada. Floyd Toole, wanda ya yi shekaru yana bincike a hukumar bincike ta ƙasar Kanada a Otawa kafin ya koma kamfanin Harman a 1991, ya riƙa ɓoye lasifikoki a bayan labule mai barin sauti ya wuce, ya sa mutane su ba da maki ba tare da sun ga suna ko girma ba. Shi da abokin aikinsa Sean Olive sun nuna cewa da an ɗage labulen makin yakan sauya, ido ya shiga aikin kunne. A rufe kuwa, yawancin mutane, ƙwararru da 'yan koyo, abu iri ɗaya suke zaɓa: lasifikar da ba ta fifita wani amo a kan wani a gabanta, kuma abin da take watsawa gefe yana kama da na gaban. Gefen yana da muhimmanci don shi ne ke bugun bango ya dawo maka. Daga wannan aiki aka samo tsarin auna lasifika a wuri 70 kewaye da ita, cikin ɗakin da ba ya amsa-kuwwa. Idan kana zaɓe tsakanin lasifika biyu, ɗaya an wallafa irin wannan awo nata, ɗaya kuwa sai kirari, ka san wadda ta yarda a duba ta.

Amma ƙasa da wani mataki lasifika ba ta da ta cewa, ɗaki ne sarki. Ana ƙirga amo da yawan kaɗawar iska a sakan ɗaya, ana rubuta shi da Hz, kunnen matashi mai lafiya kuma yana ji daga 20 zuwa 20,000. Ɗauki ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 2.5. Duk amon da rabin tsawon zangonsa, wato rabin nisan da sauti ke yi a kaɗawa ɗaya, ya yi daidai da tazarar bango biyu, zai tsaya a tsakaninsu yana kumbura, haka ma ninke-ninkensa. A tsawon ɗakin nan hakan na faruwa a Hz 34, da 69, da 103. A faɗinsa, 43 da 86. Tsakanin ƙasa da rufi, 69 kuma, wato biyu sun haɗu wuri ɗaya, wannan amo zai yi ta ruri. Bisa lissafin masanin sauti Manfred Schroeder, a ɗaki irin wannan matsalar tana mulki har zuwa wajen Hz 180, yankin da jitar bes da babbar ganga da hannun hagun mai piyano ke zaune. A zaure mai girman na Boston iyakar tana wajen Hz 20, can ƙasan abin da ake ji. Shi ya sa bes ɗin zaure ke da zurfi ba tare da ruri ba, na ɗaki kuwa wani amo ya danne ka, na kusa da shi ya ɓace.

Ba sai da kayan awo za ka ji wannan ba. Na taɓa kunna amo guda mai kauri, na bar shi yana tafiya, na riƙa takawa a hankali daga bango zuwa bango. A jikin bango kamar ƙirjina zai tsage. Taku biyu gaba sai ya dusashe, har na juya na duba ko waya ce ta zare. Wani takun kuma ya dawo. Abin da ya ba ni haushi shi ne kujerar da na daɗe ina zama a kai tana daidai ramin, ni kuwa ina ta zargin lasifika.

Gyaran yakan fara da abin da ba a saye. Kada kujera ta manne da bangon baya, inda kowane amo ke kumbura, kada kuma ta zauna daidai tsakiyar tsawon ɗaki, inda wasu ke mutuwa. Kai da lasifikokin biyu ku zama kusurwa uku masu tazara ɗaya, ƙaramin bakin da ke fitar da zaƙi ya yi daidai da kunnenka. Nisan lasifika da bangon bayanta ma yana haƙa nasa ramin: a santimita 86, sautin da ya koma baya ya dawo yana soke Hz 100. Don gano inda amon gefe ke bugawa, zauna a kujerarka wani ya riƙa jan madubi a jikin bango. Inda ka hango lasifika a madubin, nan ne. A nan ake sa abu mai kauri mai shanye sauti. Kuma kauri ake nufi. Siririn soso na santimita 5 zaƙi kawai yake sha, bes ɗin da zangonsa ya kai mita 5 ko 8 bai ma san da shi ba, sai ka wayi gari da ɗaki mai dushewar murya, rurin kuma yana nan. Kwalin ƙwai da wasu ke liƙawa, wannan ado ne. Abin da ke taimakon bes shi ne tulin abu mai kauri a kusurwoyi, da wufa, wato lasifikar da bes kawai take fitarwa, guda biyu a wurare daban maimakon ɗaya, don ramin da ɗaya ta bari ɗayar ta cike.

Hedifon kuwa yana yanke wannan wahala da wuƙa ɗaya. Babu bango, babu rami, babu maƙwabci, bes yana sauka har ƙasa sumul, kana jin yatsa na zamewa a kan tsirkiya. Ta fuskar tsabtar sauti, da wuya lasifika a ɗakin da ba a gyara ba ta kamo shi. Abin da yake karɓa a madadin haka shi ne wuri. A duniya kowane sauti yana isa kunne biyu, ɗaya kafin ɗaya da ƙasa da kashi 1 cikin 1000 na sakan, lanƙwasar kunnenka kuma tana yi masa alama ta gaba ko baya ko sama. Hedifon ya tsallake duk wannan, sai mawaƙi ya tare a tsakiyar kanka, in ka juya ƙungiyar duka ta juya da kai. Ƙirji kuma ba ya jin komai. Sautin da aka ɗauka da kan gunki mai makirfo a kunnuwa, irin Neumann KU 100, yana rage wannan sosai, haka ma sababbin hedifon masu bin motsin kai, sai dai kunnen gunki ba naka ba ne, wani ya ji abin a gabansa, wani ya ji a ƙeya. Mai sa tabarau ya lura da wani ƙaramin abu: hannun tabarau yana ɗaga kushin hedifon, bes ya zurare ta nan. Haɗarin hedifon kuma shi ne ba ya gargaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako a desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Neman ƙarfin dandamali a cikin kunne kullum, kunnen zai biya.

Idan ɗakin na haya ne, ko ƙarami mai kusurwa huɗu daidai, ko da dare kake saurara mutane na barci, hedifon ne naka, ba kuma faɗuwa ba ce. Idan kana da ikon matsar da kujera da rataya abu a bango, kana kuma son kiɗa ya tsaya a gabanka ka ji shi a jiki, lasifika da gyaran ɗaki. Mai son lulluɓin zaure kansa, lasifikoki na gefe da baya ne kaɗai ke iya kawo wani abu daga ciki, shi ma sai in da makirfo da yawa aka ɗauki kiɗan tun asali.

Awon ba shi da wuya yadda ake zato. Ana buƙatar kwamfuta, da makirfon awo irin UMIK-1 wanda ke zuwa da fayil ɗin gyaran kuskurensa, da manhajar REW da ake saukewa kyauta. Manhajar wayar hannu tana iya nuna maka ƙarfin ƙara sama-sama, amma kada ka dogara da ita a kan bes. Kafa makirfon inda kanka ke zama, a tsayin kunne, ka kauce. Manhajar za ta saki wani fito da ke tashi daga kauri zuwa zaƙi cikin 'yan sakanni, ta zana maka layi. Auna hagu ita kaɗai, dama ita kaɗai, sannan ka matsar da makirfon taƙi ɗaya nan, taƙi ɗaya can, ka sake, domin kai ba gunki ba ne, kana motsi.

Layin farko yakan tsorata mutum, kamar haƙoran zarto. Daga Hz 300 zuwa ƙasa ka gaskata shi: tudun da ka gani shi ne rurin da kake ji, kuma ana iya sassabe shi da manhajar daidaita sauti. Rami kuwa ba ya cikuwa da ƙarin wuta, don sauti ne ke soke kansa, in ka ƙara ka ƙara wa mai sokewar ma. Sai dai a matsar da kujera ko wufa. Daga nan zuwa sama ka yi hattara, makirfo ɗaya ba ya bambanta sautin da ya zo kai tsaye da wanda ya biyo ta bango, kunne biyu da ƙwaƙwalwa kuwa suna bambantawa, mai bin kowane ɗan haƙori da gyara yakan ɓata lasifika mai kyau. Kada kuma ka nemi layi miƙaƙƙe. A wurin zama, lasifika mai kyau tana ba da layin da ke gangarowa a hankali daga bes zuwa zaƙi, in ka tilasta masa miƙewa kiɗa zai yi tsini.

Idan kuma har yanzu zuciyarka na kan sabuwar amfilifaya ko waya, gwada ta da adalci. Daidaita ƙarfin tsohuwa da sabuwa da mitar lantarki har su zo ɗaya, don bambancin da bai kai desibel 1 ba ma yakan sa mai ƙarfin ta yi kamar ta fi kyau. Sa wani ya riƙa sauyawa a bayanka ba tare da ya faɗa ba, sau goma, kana rubuta abin da ka ji, sannan ku haɗa takarda.

Ranar da ka samo wurin da lasifika da kujera suka zauna daidai, ka liƙa tef a ƙasa kewaye da ƙafafunsu. Ranar shara wani zai tura su jikin bango don ɗaki ya yi fili, kuma ba zai tuna inda suke ba.